Yadda za ka tsare kwamfutar gida da sirrinka daga ɗan'uwan da ba ka amince da shi ba

A gidajenmu na Maradi ba kasafai kwamfuta take zama ta mutum ɗaya ba. Mai gida ne ya saye ta da kuɗinsa, amma ɗansa mai karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo yana rubuta aikinsa a kanta, yara suna kallo da ita bayan sallar isha'i, ƙanin da ya zo ya sauka na wata biyu shi ma yana karɓar aro. A cikinta kuwa akwai lissafin shago da sunayen waɗanda ake bi bashi, da hoton takardar fili da na katin ɗan ƙasa, da hotunan iyali waɗanda ba na kowa da kowa ba ne.

Ban ɗauki wannan lamari da muhimmanci ba sai da abin ya zo kaina. Wani ɗan'uwana da ke zaune tare da mu ya karɓi wayata da sunan zai yi kira, bai fi minti uku da ita ba ya dawo mini da ita yana godiya. Ya riga ya haddace zanen da nake buɗe ta da shi, domin kullum a gabansa nake zana shi. Bayan makonni na fara jin maganganun da muka yi da ƙanwata a rubuce kan rabon gado suna fitowa daga bakin mutanen da ba su da hanyar saninsu. Ranar da na duba jerin na'urorin da ke haɗe da WhatsApp ɗina, sai ga kwamfutar falonmu a ciki, da ranar da aka yi amfani da ita ta ƙarshe, wato daren jiya. Tun daga lokacin na koyi abin da zan shimfiɗa a nan, kuma na jera shi bisa tsarin da ya kamata a bi, domin wanda ya fara daga tsakiya yakan yi aikin banza.

Ɗan'uwa ya fi ɓarawon intanet na nesa haɗari ta fuska uku. Hannunsa yana kaiwa ga na'urar, yana da lokacin da kake kasuwa ko masallaci, kuma ya san ranar haihuwarka da sunan mahaifiyarka da na ɗan farinka, waɗanda su ne mafi yawanmu muke mayarwa kalmar sirri. A kan wannan ga kunya, wadda take hana mutum ya ce a'a ga wanda suke cin tuwo a kwano ɗaya.

Fara da shiru, kuma kada ka fara a kan kwamfutar

Kada ka tuhumi kowa tukuna, kada kuma ka sanar cewa za ka canza wani abu. Zato ba hujja ba ne, kuma aya ta 12 ta Suratul Hujurat da ta hana binciken asirin mutane ita ce dai ta yi umarni da nisantar yawan zato, saboda haka nauyin yana kan ɓangarorin biyu. Aikinka shi ne ka rufe ƙofofinka, ba ka koma kana leƙen wayarsa don ramuwa ba. Akwai kuma dalili na aiki: idan ya ji motsi tun da wuri, zai iya kwashe abin da bai kwasa ba, ko ya riga ka canza kalmar sirrin ya rufe ka a waje.

Sannan kada ka yi wannan aikin farko a kan kwamfutar da kake zargi, domin idan an sa mata manhajar da ke naɗar duk abin da aka buga, sabuwar kalmar sirrinka za ta isa gare shi kafin ka tashi daga kujera. Yi amfani da wayarka, bayan ka canza mabuɗinta. Cire zanen nan da ake ja da yatsa, wanda ido ke kamawa daga nesa kuma maiƙon hannu ke barin sawunsa a kan gilashi, ka sa lambobi shida ko fiye waɗanda ba shekarar haihuwa ba ce. Duba jerin yatsun da aka yi wa rajista a wayar, idan ka ga sun fi waɗanda ka sa, goge su duka ka sake sa naka. Ka kuma hana saƙonni bayyana a fuskar waya lokacin da take kulle, in ba haka ba duk lambar tabbatarwa da aka aiko maka, wanda ke zaune kusa da wurin caji zai karanta ta ba tare da ya taɓa komai ba.

Sim ɗinka ma yana buƙatar nasa makulli, ko na Airtel ne ko Moov ko Zamani. Idan babu lambar PIN a kansa, ana iya zare shi a sa a wata waya a karɓi saƙonninka cikin minti ɗaya. Kafin ka kunna wannan makulli ka nemo katin da sim ɗin ya zo a jikinsa, domin kuskure sau uku yana rufe layin, kuma sai da lambar PUK mai lambobi takwas da ke rubuce a jikin katin yake buɗuwa.

Imel shi ne uwar makullai

Da yawa daga cikinmu wani ne ya buɗe mana Gmail ranar da muka sayi waya, yaron gida ko mai shagon, kuma shi ya zaɓi kalmar sirrin. Wannan adireshi kuwa ta hanyarsa ake dawo da kusan kowane asusu idan an ce an manta kalmar shiga, don haka shi za ka fara gyarawa kafin Facebook da sauransu.

Shiga asusunka na Google, sashen tsaro, ka canza kalmar sirri. Kalma mai kyau doguwa ce, kuma ba ta da alaƙa da rayuwarka. Haɗa kalmomi huɗu ko biyar waɗanda babu abin da ya haɗa su, kamar a ce tulu da jirgi da kanwa da wata lamba a tsakani, ya fi gajeriyar kalma mai cike da alamomin da kai kanka za ka manta. Kada ka ɗauki wannan misalin nawa, ka ƙirƙiri naka, kuma kowane asusu ya samu tasa daban. Bayan haka kada ka fita, domin a nan mutane suke tsayawa alhali aikin bai ƙare ba. Duba lambar waya da adireshin da aka sa don dawo da asusu, idan ba naka ba ne ka cire. Duba jerin na'urorin da ke cikin asusun, ka fitar da duk wadda ba ka sani ba, har da kwamfutar gidan. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wadda ke sa ko mutum ya san kalmar sirri ba zai shiga ba sai da amincewar wayarka. Akwai kuma wata kafa da ba a cika dubawa ba: a cikin saitin Gmail ana iya sa a riƙa tura kwafin kowace wasiƙa zuwa wani adireshi, kuma canza kalmar sirri ba ya tsayar da wannan. Ba a ganin wurin a manhajar waya, sai a shafin Gmail irin na kwamfuta, a ƙarƙashin "Transfert et POP/IMAP", tare da sashen matatun wasiƙu.

Daga nan sai WhatsApp. Buɗe "Appareils connectés", inda ake iya haɗa na'urori har huɗu bayan wayarka, ka cire duk abin da ka gani wanda ba kai ka haɗa ba, amma ka ɗauki hoton fuskar wayar kafin ka cire, ka ajiye. Sannan ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu da lambobi shida. Facebook ma yana nuna duk inda aka shiga da sunanka, kuma yana ba da damar fitar da kowa a lokaci ɗaya. Lambobin sirrin kuɗi, na Airtel Money ko manhajar Nita ko ta banki, ka canza su a rana guda, musamman idan ka taɓa aiken wani ya ciro maka kuɗi.

Kwashe kayanka kafin ka taɓa na'urar

Sayi faifan ajiya na waje ko kile mai girma, wato ƴar ma'ajiyar USB da ake sokawa a kwamfuta, ka kwafe takardu da hotuna da lissafi a kai, ka kulle shi a inda kake ajiye takardun gida. Kwafe fayilolinka kawai, ban da manhajoji. Wannan mataki yana da amfani ko da babu wanda kake zargi, domin ƙurar hunturu da zafin bazara da ɗaukewar wuta ba zato duk suna kashe faifan kwamfuta. Buɗe wasu daga cikin fayilolin da ka kwafa ka tabbatar suna buɗuwa.

Yanzu ka bincika kwamfutar. Fara da ido: idan allon rubutunta mai waya ne, juya bayanta ka bi wayar allon har inda ta shiga, domin akwai ƴar ƙaramar na'ura mai kama da kile da ake sokawa tsakanin wayar allon da kwamfutar, tana naɗar duk abin da aka buga, kuma babu manhajar kariya da ke ganinta. Sannan ka shiga "Paramètres", "Applications", ka jera manhajojin bisa ranar da aka sa su. AnyDesk da TeamViewer manhajoji ne na halal da masu gyara ke amfani da su, amma aikinsu shi ne ba wani damar ganin allonka da sarrafa shi daga nesa, don haka idan ba kai ka sa su ba, ka cire. Duba ƙarin da aka maƙala wa Chrome ko Edge ka cire baƙi. A ƙarshe ka buɗe "Sécurité Windows" ka zaɓi binciken Microsoft Defender wanda yake sake kunna na'urar ya yi aikinsa kafin Windows ya tashi, yakan ɗauki kamar minti 15. Ka leƙa jerin abubuwan da aka ce kada a bincika, domin mai wayo a nan yake ɓoye kayansa.

Shawarata dai, idan mutumin ya daɗe yana amfani da na'urar da cikakken iko, kuma ya fi ka sanin kwamfuta, kada ka dogara da bincike. A goge komai a sake ɗora Windows sabo. Idan mai gyara za ka kai wa, ka zauna a wurin har ya gama, kada ka bar masa faifan da ke ɗauke da takardunka ya kwana, kuma ka gaya masa ba ka son tarin manhajojin sata da akan cika na'ura da su, domin ta cikinsu cuta take shigowa. Ka sani kuma Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, saboda haka idan na'urarka za ta ɗauki Windows 11, shi za a sa.

Kowa da ɗakinsa

Kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu shi ne kwamfuta mai asusu ɗaya, ba kalmar sirri, kowa ya kunna ya tarar da komai a buɗe. Windows yana da asusu iri biyu. Akwai na mai iko, wanda yake sa manhaja, ya canza saiti, ya leƙa fayilolin kowa, akwai kuma na talaka, wanda yake aikinsa a nasa wurin kawai. Kai kaɗai za ka riƙe na mai iko. Shiga "Paramètres", "Comptes", "Autres utilisateurs", ka buɗe wa mutanen gida asusu, ka zaɓi wanda ba ya buƙatar adireshin Microsoft, ka tabbatar an rubuta "Standard" a nau'insa. Duk wani tsohon asusun mai iko da ka tarar, ka sauke shi ko ka goge.

A nan akwai tarkon da ya shafi ɗan'uwa kai tsaye. Windows zai nemi ka amsa tambayoyi uku na tunatarwa, irin garin da aka haife ka da laƙabinka na yarinta, kuma duk wanda ya amsa su daidai zai iya canza kalmar sirrinka daga fuskar shiga. Ɗan'uwanka ya san amsoshin, wataƙila ma ya fi ka tuna wasu. Don haka ka ba da amsar da ba ta da alaƙa da tambayar, ka rubuta ta a takarda ka adana. Ka lura kuma da allon rubutu: na'urorin da ke shigowa ta Jibiya da Katsina yawanci tsarin Ingilishi ne, namu na nan kuwa tsarin Faransanci, inda A da Q suka yi musayar wuri kuma lambobi ke buƙatar danna maɓallin manyan baƙaƙe. Na ga wanda ya rufe kansa a waje saboda wannan kaɗai, don haka ka duba wane tsari ne a kunne kafin ka sa kalmar.

Sai ɗabi'a ɗaya da ta fi duk saiti: duk lokacin da za ka tashi, ko alwala za ka yi ka dawo, danna maɓallin Windows tare da L. Allon zai kulle nan take.

Kalmar sirrin Windows kaɗai ba ta isa ba

Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya fahimta. Kalmar sirrin Windows kamar ƙyauren zaure ce a gidan da katangarsa gajeriya ce. Wanda ya samu awa ɗaya shi kaɗai da na'urar zai iya tayar da ita daga kile mai ɗauke da wani tsarin, ko ya kwance faifan ya haɗa da wata kwamfutar, ya karanta fayilolinka duka ba tare da an tambaye shi komai ba. Ba sai ƙwararre ba, matasa da yawa sun iya. Maganin wannan shi ne a rikita abin da ke kan faifan ta yadda ba ya karantuwa sai da mabuɗi.

Idan Windows ɗinka Pro ne, yana da BitLocker a cikinsa, sai ka neme shi ka kunna a kan babban faifan. Idan Home ne, duba "Confidentialité et sécurité" ko akwai "Chiffrement de l'appareil", wanda wasu na'urori ke da shi wasu ba su da shi, kuma yana buƙatar ka shiga da asusun Microsoft. Ka fara aikin lokacin da batir yake cike kuma wutar Nigelec tana nan. Za a ba ka mabuɗin ceto mai lambobi 48, kuma wannan ba abin wasa ba ne, domin idan wata rana na'urar ta nema ba ka da shi, babu mai gyaran da zai iya dawo maka da fayilolinka, a Maradi ko a Yamai. Rubuta shi da hannu sau biyu, ka karanta ka gwada da na allo, kada ka bar shi a jakar kwamfutar ko a matsayin hoto a waya.

Idan na'urar ba ta da ko ɗaya, akwai VeraCrypt, manhaja ta kyauta wadda take ƙirƙirar akwati mai kulle a cikin faifan. Ka zuba takardu masu muhimmanci a ciki, ka buɗe lokacin aiki, ka rufe idan ka gama. Faifan ajiyar da ka kwafe kayanka a kai shi ma ya kamata ya samu irin wannan kulle. Za ka iya ƙara kalmar sirri a BIOS, wato saitin da ke fara tashi kafin Windows, don hana tayar da na'urar daga kile, amma wannan ƙari ne kawai. Da dare ka riƙa kashe ta gaba ɗaya maimakon rufe murfin.

Saura ƙananan ƙofofi biyu. Chrome yana ajiye kalmomin sirri idan ka yarda masa, kuma wanda ya tarar da asusunka a buɗe zai shiga shafukanka kai tsaye, saboda haka ka goge tsofaffin da ya ajiye, ka koma ga manhajar ajiya irin Bitwarden ko KeePassXC, ko kuma ɗan littafi da ke cikin akwati mai kwado. Idan kuma akwai akwatin Wi-Fi a gidan, ka canza kalmar shiga saitinsa, domin wadda ya zo da ita a rubuce take a jikinsa.

Yadda za ka faɗa a gida

Ranar da ya kunna kwamfutar ya tarar da sabon tsari, zai tambaya, kuma amsarka ce za ta sa zumunci ya tsira ko ya yi rauni. Abin da ya yi mini aiki shi ne na mayar da shi dokar kowa, ban ware mutum ɗaya ba. Na tara su na ce na raba wa kowa wurinsa saboda lissafin shago da amanar mutane da ke ciki, kuma gaskiya na faɗa. Da ya same ni daga baya ya ce, "Yaya, ba ni lambarka zan sa wani abu," sai na ce, "Kawo in sa maka da kaina, ƙanena, wannan ko Hajiya ban ba ta ba." Na karɓi na'urar, na juya allon, na buga, na miƙa masa. Idan wanda ke nema babba ne gare ka, kawu ko baffa, ba sai ka ce a'a ba, ka tashi ka yi masa aikin da hannunka cikin ladabi. Waya kuwa, in an nemi aro don kira, kai za ka buga lambar, kuma ka tsaya a wurin.

Idan ɓarna ta riga ta auku, an ciri kuɗi, ko ana yi maka barazana da hotuna, ko an yi rubutu da sunanka, kada ka goge komai. Ɗauki hotunan saƙonnin da ranakunsu, ka nemi bayanin cirar kuɗin daga kamfanin, ka ajiye kwafi a wajen gidan. Da yawa za su fi son manyan dangi su zauna a kan maganar, kuma sau da yawa hakan yana wadatarwa idan hujja tana hannu. Idan abin ya wuce nan, musamman barazana ga mace ko yarinya, ka sani Nijar tana da doka mai lamba 2019-33 ta shekarar 2019 kan laifukan intanet, wadda ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba, kuma ana kai irin wannan ƙara wurin ƴan sanda.

Abu na ƙarshe ya shafi ranar da ba ka nan. Na'urar da ka kulle da kyau za ta kulle iyalinka ma, alhali a ciki akwai bashin da ake bin ka da wanda kake bi. Rubuta kalmar sirrin imel da ta kwamfutar da mabuɗin nan mai lambobi 48 a takarda ɗaya, ka sa a ambulan, ka liƙe, ka sa hannu a kan bakin liƙin yadda za a gane idan an buɗe. Ka ba mutum ɗaya da ka yarda da amanarsa wanda ba a gidan yake zaune ba, ka gaya wa matarka ko babban ɗanka wurin wanda take. Duk lokacin da ka canza ɗaya daga cikin kalmomin, ka karɓo tsohuwar ambulan ka ƙone, ka kai sabuwa.